Akwatin Da Ba Shi Da Suna

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan saƙon zai same ka a tsaye da ƙafafunka, ba a kwance teku tana juya maka ciki ba. Mu nan lafiya lau. Baba ya warware daga murar da ta kama shi, har ya koma faɗa da mai gyaran famfo, ka ga ke nan lafiya ta samu. Na yi waya da Gwaggo. Ta ce gwiwarta da sauƙi, sai dai ɗanta, wato kai, ya zaɓi kifaye a kan mahaifiyarsa. Na ce mata ai ni tun ina ƙarama na san ba ka da alƙibla.

Na san ba ka samun sabis sai jirginku ya tsaya a tasha, don haka zan zuba komai a wasiƙa ɗaya.

Na fara aikin. Kamfanin ƙarami ne, ɗaki ɗaya ne mai tsawo a saman wani shagon tabarau. Teburina yana jikin tagar da ba ta rufuwa sosai, sai da na danne takarduna da kofi. Manhajar waya muke yi, wadda marasa lafiya ke kama layin ganin likita da ita. Shugaban sashenmu Dogo ake ce masa, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Mai gwada manhajar kafin a sake ta kuwa wata mata ce da kowa ke kira Anti Ƙorafi, a gabanta ma, kuma tana amsawa. Ina cikin wa'adin gwaji. A ƙarshensa ne za su ce in zauna ko in tattara kofina.

Aikin farko da aka ba ni kamar wasa: in ƙara jimla ɗaya a shafin da mutum ke tabbatar da ganin likita, mai cewa ya zo da magungunan da yake sha. Na buɗe rubutun da ke gina shafin. Ka tuna jeren tukwanen Gwaggo, ƙarama cikin babba, wadda in kana son ta ciki sai ka sauke duka? To haka. Akwati mai ba da tazara a gefe, a cikinsa akwati mai tsayar da abu a tsakiya, a cikinsa mai jera abubuwa daga sama zuwa ƙasa, a cikinsa wani mai tazarar kuma. Na ƙirga, sannan na sake ƙirgawa don kar in yi wa kowa ƙazafi: hawa goma sha huɗu kafin a kai ga maɓallin tabbatarwa. Kowane hawa yana ƙara tura rubutun dama, har layin ƙarshe ya fita daga fuskar kwamfutar. A ƙasan fayil ɗin babu komai sai bakunan rufewa, wato alamomin da ke rufe kowane akwati, suna gangarowa kamar matakalar bene.

Na sa jimlata inda na zaci ya dace, ta fito a kan hancin hoton likita. Na matsar da ita, ta ɓace gaba ɗaya. Daga baya na gano na jefa ta cikin reshen da ba ya bayyana sai in babu sabis.

Na je wurin Dogo na ce ina so in baje shafin, in rage zurfinsa. Bai ɗago ba ya ce, "Yana aiki?" Na ce yana yi. Ya ce, "To me ya yi miki?" Na ce, "Ba ya karantuwa, ranka ya daɗe." Anti Ƙorafi ta tuntsire da dariya daga can lungu ta ce, "Sabuwar yarinya ta faɗi abin da tsofaffi suka haɗiye." Dogo ya dube ni ya ce in yi, amma in sani cewa ranar da mutanen asibiti za su zo a nuna musu manhajar, ni zan tsaya a gabansu da wannan shafin. Ranar kuwa ta faɗo daidai ƙarshen wa'adina.

Na san abin da zan yi, Yaya. Amma ban fara ba tukuna. Kai ka fara koya min wannan sana'a a tsohuwar kwamfutarka mai karyayyen murfi, kafin ka gudu ka koma kula da na'urorin jirgi. Gaya min gaskiya: na yi azarɓaɓi?

Ƙanwarka,
Auta


Malama Ƙidaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, cikina ma ya saba, kifayen suna gaishe ki. Ki gaida Kawu, ki ce ya bar mai famfo ya sha iska.

Mun tsaya ne kawai a sauke kaya, kyaftin yana ta huci, a tsaye nake rubuta wannan. Na yi murna da aikin. Magana ɗaya: kar ki cire abin da ba ki san dalilin sa shi ba.

Don Allah ki leƙa Inna, Gwaggonki. Ta ce hotunan da nake tura mata ba sa buɗewa, kuma ta rantse ni na lalata mata waya daga tsakiyar teku.

An busa. Sai na sake samun ƙasa.

Yayanki


Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, kuma kowa lafiya. Baba ya ce in gaya maka mai famfon ne ya fara.

Na rubuta maka shafuka, ka ba ni amsa da layi ɗaya. Na karanta shi har na haddace. Na gane abin da kake nufi: Auta yarinya ce, jiya ta fito daga makaranta, ta ƙara jimlarta ta kama bakinta, ta bar aikin manya. Ban ce ba ka da gaskiya ba. Amma ya yi min zafi, don daga bakinka ya fito. Na wuni ban taɓa komai ba, ina kallon matakalar bakunan nan. Sai na tuna na riga na yi wa Dogo alkawari a gaban mutane. Na ja kujera na fara.

Bari in ba ka labari, ko ba ka tambaya ba.

Na fara da masu tazara. Akwai guda uku a jere, ɗaya cikin ɗaya, kowanne yana ƙara 'yar tazararsa. Ina jin mutum uku ne suka sa su a lokuta daban-daban, kowa ya ga gefen bai yi masa ba ya ƙara nasa. Na haɗa lissafinsu na mayar da su ɗaya. Na ɗauki hoton shafin kafin da bayan, na ɗora su a kan juna, ko ɗigo bai matsa ba.

Sannan sharuɗɗan. A da, "in akwai sabis" ya rungume "in akwai likita", shi kuma ya rungume "in akwai gurbi", ainihin shafin yana can ƙuryar ciki kamar an ɓoye shi. Na juya su. Yanzu tun daga bakin ƙofa ake sallamar kowace matsala: babu sabis, nuna saƙo ka fita, babu gurbi, nuna saƙo ka fita. Wanda ya wuce waɗannan, shafin yake tararwa a fili.

Sauran na yanka su gida-gida, kowanne da sunansa: katin likita, wurin rubuta abin da ke damun mutum, jimlar magani, maɓalli. Don kar ka ce na yi ƙari, yankawar nan ba ta rage wa wayar aiki ba, idon mai karatu ta sauƙaƙa wa. Cire akwatunan banza ne ya rage zurfin da gaske. Daga sha huɗu mun dawo biyar. Shafin duka yana shiga fuskar kwamfuta, ba sai an ja gefe ba.

Akwai wani akwati can waje da ya rungume kusan komai. Ba launi, ba tazara, ba suna, ba ko 'yar bayani a gefensa. Na cire shi na kunna manhajar, babu abin da ya canja. Na mayar, na sake cirewa, duk ɗaya. Na bar shi a waje.

Anti Ƙorafi ta fito da duk wayoyin gwajin da ke cikin durowarta ta jera su a tebur. Ta danna, ta ja, ta juya su a kwance, ta kashe sabis ta kunna. Da ta gama ta cire tabarau ta ce, "Ban sami komai ba, kuma raina ya ɓaci." Wannan a bakinta lambar yabo ce. Dogo ya karanta sabon rubutun yana gyaɗa kai, ya ce, "Hmm." Masu zama kusa da shi sun ce ba su taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba.

Ka ga dai na taɓa, kuma sama ba ta faɗo ba.

Ban manta da Gwaggo ba, zan je ƙarshen mako.

Ƙanwarka da ka raina,
Auta


Yaya,

Salamu alaikum. Ban ji daga gare ka ba. Ina gaya wa kaina teku ce, ba fushi ba. Idan wasiƙata ta baya ta yi kaushi, ka yi haƙuri, amma ba wannan ne ya sa na sake rubutowa ba.

Na je gidan Gwaggo. Tana lafiya, gwiwar ce dai ke hana ta hawa matakala. Hotunanka ba su da laifi, wayar ce ta cika da bidiyon jikoki. Na kwashe su zuwa kwamfutata, hotunan suka buɗe. Ta daɗe tana kallon wanda kake sanye da hular aikin nan mai ruwan lemo, ta ce ka rame, kuma hular ba ta yi maka kyau ba.

Sai rawar kai ta kama ni. Na ce bari in nuna mata aikina. Na sa mata manhajar gwaji a wayarta. Ka san wayar, 'yar ƙaramar nan da ta ƙi rabuwa da ita, kuma ta ƙara girman rubutu har ƙarshe don ba ta yarda tana buƙatar tabarau ba. Ta zaɓi likita. Ta zo wurin da ake rubuta abin da ke damun mutum, ta taɓa, allon haruffa ya taso daga ƙasa. Ta rubuta "gwiwa" da yatsa ɗaya. Sannan ta miƙo min wayar ta ce, "To ina zan danna? Ko likitan ya gudu ne?"

Yaya, maɓallin ba ya nan. Allon haruffa ya rufe shi. Na ja shafin sama, ya ƙi motsi. Na yi dariyar yaƙe na ce bari in duba. Na cire sabuwar, na sa mata tsohuwar manhajar mai hawa sha huɗu. Ta sake rubuta "gwiwa". Allon haruffa na tasowa, shafin ya ɗaga da kansa, maɓallin ya fito tsaf.

Akwatin nan ne. Wanda ba shi da suna. Aikinsa ke nan: in allon haruffa ya taso, ya rage tsawon shafin ya bari a ja shi. A wayoyin ofis ba a ganin amfaninsa, don duk manya ne kuma rubutunsu ƙanana, maɓallin yana zaune can sama inda allon ba ya kaiwa. Ni na duba abin da idona ya gani, na ce ba ya komai. Ban tambayi kowa ba. Ban ma nemi bayanin irinsa na karanta ba, abin da ba zai ɗauke ni shan kofin shayi ba.

Gwaggo ta ga fuskata ta ce, "Ke, wani ne ya mutu?" Na ce a'a. Ta ce, "To zauna ki ci abinci." Na kasa.

A mota ina dawowa na yi ta tunanin su wa ke amfani da manhajar nan. Ba Dogo ba ne, ba ni ba ce. Masu ciwon gwiwa ne, masu ƙananan wayoyi da manyan haruffa. Da an sake ta haka, da sun rubuta ciwonsu sun rasa inda za su danna, su ɗauka laifinsu ne, su ajiye.

Yanzu na sake karanta layinka. Ba ka ce kar in taɓa ba. Ni na ƙara wannan da kaina.

Zan iya mayar da akwatin shiru, in ce gyaran ƙarshe ne. Ba zan yi ba. Anti Ƙorafi ta sa hannu a kan abin da ke da rami, ya kamata ta san durowarta ba ta cika ba. Gobe zan gaya musu. Abin da nake tsoro shi ne Dogo ya ce a koma tsohon shafin gaba ɗaya, a jefar da aikina, ranar nuni kuma in tsaya a gefe ina riƙe wa wani waya. In haka ta faru, na san amsar da zan samu a ƙarshen wa'adi.

Ka yi min addu'a, ko da saƙon zai iso bayan an gama.

Auta


Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake. Wasiƙunki biyu tare suka faɗo min yau da muka shigo tasha, na karanta su a jere ina zaune a kan buhun igiya. A ta farko an kai ni kotu an yanke min hukunci, a ta biyu an sake ni ba tare da na buɗe baki ba. Na gode wa mai shari'a.

Wane irin fushi? Da mutum zai yi fushi da taubashiyarsa a kan baƙar magana, ai da tun kina aji uku muka daina gaisawa. Laifina ɗaya na yarda da shi: na ba ki guntuwar magana alhali na san ke mai juya kalma ce har ta yi laushi. Abin da nake nufi shi ne ki cire, amma ki tsayar da kowane akwati ki tambaye shi me ya kawo shi. Wanda ya ba da amsa ya zauna.

Yanzu saurara, don na san halinki. Kar tsoro ya mayar da ke sha huɗu. Kin yi kuskure a akwati ɗaya, kin yi daidai a takwas. Ke da ke son ƙidaya, ƙirga wannan. Masu tazarar nan uku ba su zama masu amfani ba don wani can ya zama. Kuma ki lura, da wancan akwatin yana da suna, ko layi ɗaya na bayani, da ba ki taɓa shi ba. Wannan ita ce hujjarki, ba hujjar Dogo ba. Abin da kika je gyarawa shi ne ya kayar da ke.

Na san kafin wannan ya same ki an riga an yi ta ta ƙare. Ko me ya faru, rubuto min da tsawo.

Na samu Inna a waya ɗazu. Ba ta bar ni na yi magana ba. Ta ce kin bar mata abinci a kwano, kuma wai yanzu ita ma'aikaciyar kamfani ce. Me kuka yi wa uwata?

Hular lemon dole ce, ba ado ba ce. Ki gaya mata.

Yayanki


Yaya,

Salamu alaikum. Kowa lafiya. Saƙonka ya iso a makare kamar yadda ka ce, amma na karanta shi da murmushi, har mai zama kusa da ni ya tambaya ko albishir ne.

Ga yadda aka yi. Na same su da safe na faɗi komai ba kwana-kwana. Anti Ƙorafi ta dafe ƙirji ta ce, "A durowata aka yi wannan?" Dogo ya buɗe tsohon rubutun ya daɗe yana kallon akwatin. Ya ce ya tuna, wata mata ce ta taɓa kira a kan wayar mahaifinta, aka sa shi cikin gaggawa aka wuce. Sannan ya faɗi abin da nake tsoro: "Mu koma tsohon. Bayan nuni ma duba."

Ban san inda na samu bakin ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a'a." Na ce na bi duk akwatunan da na cire ɗaya bayan ɗaya, na karanta aikin kowanne, zan iya faɗar dalilin fitarsa a tsaye a nan. Ɗaya ne kawai ke da hujjar dawowa, kuma na dawo da shi. Hawa shida ke nan. Na ce in mun koma tsohon, wanda zai zo bayana zai sake cire shi, don har yanzu ba zai san me yake yi ba. Dogo ya ce, "Ki nuna min a wayar da abin ya faru."

Na kira Gwaggo in ari wayar. Ta ce wayarta ba ta zuwa ko'ina ba tare da ita ba. Haka na ɗauko su su biyu. Mai shagon tabarau ya taimaka mata a matakala, a hanya har ya yi ƙoƙarin sayar mata da tabarau, ta ce idonta ya fi nasa. Tana shiga ta zauna a kujerar Dogo, don ita ce mai hannu. Ta dube shi daga ƙasa zuwa sama ta ce, "Kai ne babban? To Allah ya ƙara tsawo." Na sa mata gyararriyar manhajar, ta rubuta "gwiwa", shafin ya ɗaga, maɓallin ya fito, ta danna. Anti Ƙorafi ta karɓi wayar ta yi ta azabtar da ita, ba ta sami komai ba. Su biyun sun rabu suna musayar lamba, abin da ke ba ni tsoro har yanzu.

Ranar nuni na tsaya a gaba. Komai ya tafi daidai. Sai shugabar ma'aikatan jinya ta ce jimlar maganin ta yi ƙasa, tsofaffi ba za su gan ta ba, ko za a iya ɗaga ta saman katin likita kafin fitowa ta gaba? Dogo ya buɗe baki zai ce za a duba. Na ce a ba ni ɗan lokaci. Na ɗauke layi ɗaya na ɗora shi a kan ɗaya. Kafin ta ajiye kofin shayinta na juya mata wayar. Ita ce jimlar da ta taɓa fitowa a kan hancin likita.

Sun ce in zauna, Yaya. An ma gyara min tagar.

Akwatin yanzu yana da suna mai tsawo, ma'anarsa "mai ɗaga shafi in allon haruffa ya taso", da layi biyu na bayani a kansa. Dogo ya ce sunan ya fi akwatin girma. Na ce haka nake so. Ofis kuma ya sayi 'yar ƙaramar waya irin ta mahaifiyarka, an ƙure mata girman rubutu, Anti Ƙorafi ta manna mata takarda a baya ta rubuta "Gwaggo". Yanzu duk wanda ya ce ya gama aiki, tambayar farko ita ce, "An nuna wa Gwaggo?"

Ita kuwa ta gasken, da aka saki manhajar ta kama layi da kanta, ba ta nemi taimakon kowa ba. An duba gwiwar, an ba ta magani da motsa jiki, tana yin rabinsa. Na isar da saƙonka a kan hular, ta ce ba ta yarda ba. Ta kuma ce in gaya maka, ta rubuta kalma ɗaya likita ya amsa mata, kai kuwa tana nan tana jira.

Ƙanwarka, ma'aikaciya,
Auta